Harshen teku a garin da babu teku: tambayoyi da amsoshi don mutanen Maraɗi

Na yi shekaru ina aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano kafin in dawo gida. Ni ba matuƙin jirgi ba ne. Aikina takardu ne, kullum ina tsakanin ofishin kamfanin jirgi da duwan da mangaza da direbobin kamyo. Amma duk wanda ya daɗe a bakin kwata, kunnensa sai ya cika da maganar mutanen ruwa. Tun da na dawo Maraɗi, ko a fada wajen shan shayi, ko a kasuwa, ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, ba a rasa mai tare ni da takarda a hannu ko tambaya a baki. Waɗanda suka fi maimaituwa na tattara a nan, yadda aka yi mini su.

Malam, mu da ko gulbinmu ba ya kai rani da ruwa, ina ruwanmu da kalmomin teku?

Shiga babbar kasuwa ka duba. Shinkafa, taliya, tumatirin gwangwani, yadi, babur, tayar mota, gwanjo, magani: yawancinsu sun kwana makonni a kan teku kafin su hau kamyo. Alhazan garin nan sun gina sunansu ne a kan kayan da ke sauka Kwatano da Lome, fiye da kilomita 1,000 daga inda muke zaune. Takardun da ke rako wannan kaya kuwa da harshen masu jirgi aka rubuta su, da Turanci ko Faransanci. Abin da na gani da idona shi ne, duk kalmar da mai kaya bai gane ba a cikin takardarsa, wata rana kuɗi za ta ci masa. Ba don ado nake son mu san waɗannan kalmomi ba.

To Hausa tana da nata kalmomin ne, ko duka aro za mu yi?

Tana da su, har ma sun fi yadda muke zato, sai dai mun daɗe da hawa da su tudu mun manta daga ruwa suka fito.

Ɗauki jirgi kansa. Na ruwa shi ne na asali. Da Turawa suka shimfiɗa dogo sai muka ce jirgin ƙasa, da aka ga na tashi sai muka ce jirgin sama. Haka tuƙi: mai kwale-kwale da filafili a hannu shi ke tuƙi tun kafin a san mota, yau kuma direba ya gaji kalmar. Muna da kwata, wurin da jirgi ke tsayawa a yi lodi. Muna da gaɓa da tsibiri da mashigi. Muna da sarkin ruwa da sarkin jirgi, muna da Sarkawa, masuntan da suka san kogin Isa daga Yawuri har Gaya kamar tafin hannunsu. Ko nan kusa, je ka tafkin Madarunfa ka zauna da masu kwale-kwale rabin yini, za ka dawo da kalmomin da ba ka taɓa ji a cikin gari ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce fito. Asalinta ƙetarar da mutane da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, a biya mai jirgi kuɗin fito. Yau tsakanin Ɗan Isa da Jibiya babu jirgin da ake shiga, amma kowa ya san su wa ake nufi da ƴan fito. Iyaka ta zama kogi, kalmar ta bi ta.

Sai igiyar ruwa. Da Bahaushe ya ga ruwa na tasowa yana yin tozo yana faɗuwa, bai nemi aro ba, ya waiwaya ga abin da ya sani ya ce raƙuman ruwa, ya ce taguwar ruwa. Larabawa sun kalli raƙumi sun kira shi jirgin sahara, mu muka kalli teku muka ga raƙuma. Ranar da na fara tsayawa a bakin teku a Kwatano na ga suna tahowa ayari-ayari, na san wanda ya raɗa wannan suna ya ga abin da idonsa.

Inda babu kalma, mu yi aro ba tare da jin kunya ba, kamar yadda muka aro anka, wato ƙarfen da ake saki ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, da kwantena, da injin.

Me ya sa a cikin jirgi ba sa cewa hagu da dama kawai?

Domin hagunka ya danganta da inda ka sa gaba. Mutum biyu suna fuskantar juna a cikin duhu, iska na kaɗawa, aka ce a ja igiyar hagu: hagun wa? Shi ya sa aka ba kowane gefen jirgi suna na dindindin. In ka tsaya kana kallon goshin jirgi, gefen hagunka shi ne babor a Faransanci, fot a Turanci. Na damanka tiribor, ko sitabod. Ko ka juya ka kalli baya, sunayen ba sa juyawa da kai.

Sunan gefen dama ya samo asali ne daga zamanin da ake sarrafa jirgi da wani babban filafili da ake ɗaurawa a dama, saboda yawancin mutane na-dama ne. Tun da filafilin na dama, sai a jingina hagu da kwata don kada ya karye. Sojojin ruwan Ingila sun tabbatar da sunan hagu na yanzu a 1844, domin tsohon sunan yana kama da na dama a kunne, kuma kuskuren ji a teku rai yake ci.

Da dare fitila ke magana. Ja a hagu, kore a dama. In ka hango ja da kore tare, jirgin nan kai ya nufo.

Alhaji ya ce an gaya masa jirgin da ke ɗauke da kayansa yana gudun "not" 20. Nawa ke nan a kilomita?

Kusan kilomita 37 a awa. Yaro a kan babur zai wuce shi. Sai dai shi ba ya tsayawa cin abinci, ba shingen jandarma, ba dare ba rana, shi ya sa a yini da kwana yakan ci kusan kilomita 890.

Ma'anar kalmar ƙulli ne, irin na igiya, kuma da Hausa ni ƙulli nake cewa. A da, ana ɗaura katako a bakin doguwar igiya da aka yi wa ƙulli-ƙulli, tsakanin kowane biyu kimanin mita 14.4. Sai a jefa katakon bayan jirgi, igiya na zarewa ta hannun mutum, wani na riƙe da kwalbar yashi mai ƙarewa cikin daƙiƙa 28. Yashi na ƙarewa sai a damƙe igiya a ƙirga ƙullin da suka wuce. In bakwai ne, jirgi na gudun ƙulli bakwai. Igiyar ta tafi, na'ura ta maye gurbinta, sunan ya zauna.

Ƙulli ɗaya shi ne mil ɗin teku ɗaya a awa, mil ɗin teku kuma mita 1,852 ne, kamar yadda aka tsayar a wani taro a Monako a 1929. Ba a zaɓi adadin da ka ba. An raba kewayen duniya digiri 360, kowane digiri kashi 60, to kashi ɗaya daga ciki in ka bi layin kudu da arewa shi ne mil ɗin teku. Wato ma'aunin tafiya da ma'aunin taswira abu guda ne, matuƙi ba ya buƙatar canji.

Da me suke auna zurfi?

Da gaba. I, gabar nan da masu haƙar rijiya ke aunawa da ita, ka buɗe hannuwanka biyu daga yatsa zuwa yatsa. Turawan Ingila na ce mata fadom, asalin kalmar kuwa buɗaɗɗun hannuwa take nufi, ƙafa 6 ce, wato mita 1.83. Ta Faransanci, biras, daga kalmar hannu aka cire ta. Mai jawo igiya daga rijiya a Tibiri da mai jawo igiya daga teku a Ingila, ba su taɓa haɗuwa ba, amma jiki ɗaya Allah ya ba su, sai suka auna da abu ɗaya. Yawancin taswirorin yanzu da mita ake rubuta su.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa a nan shi ne nutson jirgi, wato iyakar yadda cikinsa ya shige ruwa, abin da ake kira tiran-do a Kwatano. In nutson jirgi ya fi zurfin tasha, ba zai shiga ba. Tashar Lome tana da zurfin da ya haura mita 16, shi ya sa manyan jirage ke sauke kaya can, ƙanana su kwasa su rarraba wa sauran tashoshi. In aka ce maka kayanka na tiransbodima, abin da ake nufi ke nan: an sauya masa jirgi a hanya, kuma sai ka ƙara kwanaki a lissafinka.

A jikin kowane babban jirgi akwai wani da'ira da layi ya ratsa, da ƴan layuka a gefensa kamar tsani. Wannan iyakar lodi ce. Wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, shi ya yi ta faɗa da masu jiragen da ke cika su fiye da kima suna halaka ma'aikata, har aka yi doka a 1876, alamar ta ɗauki sunansa. Layukan sun yi yawa ne domin ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaukar nauyi, kamar yadda ƙwai ke nutsewa a ruwan randa amma ya taso in ka zuba gishiri da yawa, sannan tekun hunturu ya fi na wurare masu zafi haɗari. Duk lokacin da na ga kamyo ya taso daga Gaya an yi masa lodi har ya karkace, mutane kuma a saman kayan, sai in ce ina ma a ce motocinmu na da irin wannan layi, da mai tsayawa a kansa.

Wane ne wane a cikin jirgi?

Wanda ya san tsarin ayarin fatake ya riga ya san rabi. Kyaftin shi ne madugu: maganarsa ce ta ƙarshe, alhakin rayuka da dukiya na wuyansa. Mataimakinsa na farko shi ke kula da lodi da daidaiton jirgi. Babban injiniya na da daularsa a ƙasa, wajen injin. Akwai bosin, shugaban ma'aikatan sarari, mai igiya da fenti da anka. Ana tsaro bi da bi, galibi awa 4 a bakin aiki, awa 8 hutu, daga ɗakin tuƙi da ke can sama.

Sai jagaba. In jirgi ya iso bakin tasha, komai ƙwarewar kyaftin ba ya shiga shi kaɗai. Wani ɗan gari da ake kira pilot zai fito da ƙaramin jirgi, ya hau ta tsanin igiya, ya nuna hanya, domin shi ya san inda yashi ya taru da inda ruwa ke ja. Ƙananan jirage masu ƙarfin tsiya, rimorka, su ke turawa da ja har a jingina da kwata. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mene ne EVP da nake gani a takarda?

Ma'aunin ƙirga kwantena ne. Da Turanci TEU ake rubutawa. Kwantena mai ƙafa 20, tsawon mita 6 da ɗan kai, ita ce ɗaya. Mai ƙafa 40 biyu ce. Ƙaramar na cin kimanin mita kubik 33, babbar kimanin 67, amma nauyin da aka yarda su ɗauka kusan ɗaya ne. Saboda haka kaya mai nauyi kamar tayil ko gwangwani ƙarama ta fi dacewa da shi, mai cika wuri kamar katifa ko roba sai babba. Wani mai motocin dako a Amurka, Malcom McLean, shi ya fara wannan tsari a 1956, da jirgi ɗauke da akwati 58.

Ɗana ke karanta mini takardu. Wacce ce ba a wasa da ita?

Konesima, Hajiya, wadda ake kira BL. Aiki uku take yi lokaci guda: rasit ce cewa jirgi ya karɓi kaya, shaida ce ta yarjejeniyar dako, sannan ita ce mallakar kayan. Wanda ke riƙe da ta asali, da sunansa ko da sa hannun mai ita a baya, shi za a ba kwantena. Galibi ana fitar da na asali guda 3, da an yi amfani da ɗaya sauran sun mutu. Ki ajiye ta inda kike ajiye takardar gida.

Ki sa yaron ya duba abu huɗu tun tana hoto a waya, kafin jirgi ya taso: sunanki daidai da na takardunki na kasuwanci, lambar kwantena, lambar hatimin da aka rufe ƙofa da shi, da kuma rubutun da ke nuna kayan wucewa ne zuwa Nijar. Gyaran harafi ɗaya bayan jirgi ya iso yana cin kuɗi da kwanaki.

FOB da CAF fa?

Suna cikin ƙa'idojin ciniki da Majalisar Ƴan Kasuwa ta Duniya da ke Paris ta fara fitarwa a 1936, na baya-bayan nan kuma na 2020 ne. A FOB, mai sayarwa ya ɗora kaya a jirgi a tasharsu, daga nan kuɗin dako da inshora naka ne. A CAF, wanda Turanci ke rubutawa CIF, farashin ya haɗa da kaya da inshora da dako har tashar sauka.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa. Suna zaton tun da mai sayarwa ya biya dako har Kwatano, to in kaya ya lalace a teku shi zai ɗauka. Ba haka ba ne. Ko a CAF, da zarar kaya ya hau jirgi a can, hasara ta dawo kanka. Abin da ya rage maka shi ne takardar inshorar da ya yanka da sunanka, ita kuma sau da yawa mafi ƙanƙanta ce. Ka nemi a turo maka ita, ka sa a karanta maka abin da ta rufe.

Kullum ana cewa suristari ya cinye riba. Mene ne shi?

Wannan ita ce kalmar da ta fi kowace sa Alhazanmu hawan jini, kuma ita ce dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan shafi.

Kwantena ba taka ba ce, aron ta kamfanin jirgi ya ba ka. Yana ba ka wasu kwanaki kyauta ka fitar da kayanka. In suka ƙare, kowace rana da kuɗinta, kuma kuɗin na hawa mataki-mataki: makon farko da sauƙi, na gaba ya fi, na bayansa ya fi. Shi ne suristari, ƴan Najeriya na cewa dimarej. Asalin kalmar ta jirgi ce sukutum, tarar da ake biyan mai jirgi in an tsayar masa da shi a tasha fiye da kwanakin da aka yi alkawari.

Kuma ba agogo ɗaya ke gudu ba, uku ne. Na farko wannan, muddin kwantena na cikin tasha. Na biyu kuɗin ajiya, na hukumar tasha, domin filinta ka tare. Na uku yana farawa bayan ka fita da kwantenar, har ranar da ka mayar da ita fanko. Mu na nesa wannan na ukun ya fi cizo, tun da sai ta zo Maraɗi an sauke ta koma, ga kuɗin jingina da kamfani ke riƙewa har ta dawo lafiya. Shi ya sa da yawa ke zazzage kaya a tasha su zuba a kamyo, su miƙa kwantena nan take. Hakan ma na da nasa: kaya na shan hannu, ana samun fashewa da ɓacewa.

Akwai wani dattijo, abokin mahaifina, da ba na mantawa. Ya yi odar kaya, mai sayarwa ya riƙe konesima saboda ragowar kuɗi kaɗan da suke jayayya a kai. Dattijon yana nan Maraɗi hankali kwance, a zatonsa kwanakin kyauta ba sa fara ƙirguwa sai takarda ta shigo hannunsa. Alhali tun ranar da aka sauke kwantena daga jirgi agogo ke tafiya. Da na kira shi na faɗa masa abin da ya taru, ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce, "Ɗana, me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Abin da ya biya ya ninka kuɗin da suke jayayya a kai sau da yawa. Ba wanda ya cuce shi a takarda, komai na rubuce. Kalma ɗaya ce bai sani ba.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin dako, ka tambayi kwana nawa ne kyauta, daga wace rana ake ƙirgawa, kuma a rubuta maka. Ana neman ƙari tun kafin jirgi ya taso, kayan wucewa zuwa Nijar ma sau da yawa ana ba su kwanaki fiye da na ƴan ƙasa. Bayan ya iso, roƙo ne ya rage.

Wai gaskiya ne ana iya sa ni biyan hasarar kayan wani?

Gaskiya ne, sunanta abari-komin, wato hasarar tarayya, kuma tana cikin tsofaffin dokokin teku. In jirgi ya shiga haɗari, kyaftin ya zubar da wani kaya ko ya kashe kuɗi don ceton sauran, to duk wanda kayansa ya tsira zai ba da kaso gwargwadon darajar kayansa, har da mai jirgin. Jirgi ɗaya ya kwaso ku, a nan ba karin magana ba ce, hukunci ne. Da jirgin Ever Given mai tsawon mita 400 ya toshe mashigin Suwez kwana 6 a watan Maris na 2021, masu shi sun ayyana wannan doka. Mai inshora, kamfaninsa ke tsaya masa. Marar inshora sai ya ajiye kuɗi kafin a sakar masa kayansa, ko da ko ƙwarzane bai same su ba.

Mede da ake kira in jirgi zai nutse, Turanci ne?

Faransanci ne aka rubuta da bakin Ingilishi. Daga "ku taimake ni" aka ciro shi, duk wanda ya yi lakwal zai ji kalmar a ciki. An amince da shi a taron Washinton na 1927. Ana faɗinsa sau 3 a jere, a tasha ta 16 ta rediyon jirgi, kuma sai rai na cikin haɗari. Ƙasa da shi akwai pan-pan, daga pan ɗin nan da muke cewa mota ta yi: akwai matsala, amma ba a kai ga mutuwa ba. SOS kuwa ba gajarta wata magana ba ce. An zaɓe shi a Balin a 1906 don sauƙin bugawa da waya: ɗigo uku, layi uku, ɗigo uku.

A jirgi ɗaya za ka tarar da ɗan Filifin da ɗan Indiya da ɗan Yukiren da ɗan Gana. Don kada a yi ta "me ka ce?" a lokacin da babu lokaci, Hukumar Sufurin Teku ta Duniya da ke Landan ta tsara jimloli na Turanci ƙayyadaddu a 2001. Umarni kuma maimaita shi ake yi: in aka ce a karkata dama digiri 10, mai riƙe da sitiyari zai faɗa da bakinsa, ya aikata, ya sake faɗa cewa ya yi.

Me ya sa jiragen da ke zuwa duk tutar Panama ko Laberiya suke ɗauke da ita? Mu Nijar muna da wani haƙƙi a teku?

Tuta ita ce ƙasar da aka yi wa jirgi rajista, dokarta ke aiki a cikinsa. Panama da Laberiya da Tsibiran Mashal sun buɗe rajistarsu ga kowa da sauƙin haraji, shi ya sa mai jirgi na Girka ko Japan, tuta ta wani wuri.

Haƙƙi kuwa muna da shi. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982 ta fara aiki a 1994, ta ba ƙasar gaɓa mil 12 a matsayin ruwanta, da mil 200 na cin arzikin kifi da mai. Bayan nan teku na kowa ne. Ta kuma ce ƙasar da ba ta da gaɓa tana da ikon kaiwa ga teku da wucewa da kayanta, har ma ta yi wa jirage rajista da tutarta. Sai dai yadda za a wuce ɗin an bar wa maƙwabta su daidaita a tsakaninsu. Mun ga ma'anar wannan bayan Yulin 2023, da gadar Malanbil, ta kan iyakarmu da Benin, ta rufe, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina, mutane kuma suka koma fito da kwale-kwale a Gaya kamar zamanin kakanni. Farashin buhun shinkafa a kasuwar Maraɗi ya ba kowa labari.

An ce wasu kalmomin teku na Turawa daga Larabci suke?

Da dama. Admiral, babban hafsan sojan ruwa, daga amir yake. Tarif daga ta'arif. Iskar monsun daga mausim. Biyu ma sun zagayo sun same mu ta bakin Faransawa: duwan daga diwan, mangaza daga makhazin. A tekun Indiya kuwa, masanin hanya mai karanta taurari, irin su Ahmad bin Majid na ƙarni na 15, mu'allim ake ce masa, kalmar da ta zama malam a bakinmu.

Mu ma kai tsaye muka karɓi namu: Bahar Rum, Bahar Maliya. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru suna tafe suna noma a hanya, a Sawakin suka fara ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa, suka shiga jirgi zuwa Jidda.

Tashar tudu fa, yaya tashar jirgi ba ruwa?

Wuri ne a cikin ƙasa da ake kawo kwantena a rufe, a yi aikin duwan a can maimakon bakin teku. An yi irinta a Kaduna da Kano, an kuma daɗe ana maganar ta Doso. In dogon Kano zuwa Maraɗi da ake shimfiɗawa ya kammala, kalmomin da ke shafin nan za su shigo har ƙofar gidanmu.

Kawu, ni ban taɓa ganin teku ba. Zan iya zama ma'aikacin jirgi?

Za ka iya, ɗana. Ba a haifi kowa da igiya a hannu ba, kuma teku ba ta tambayar garinku. Akwai makarantar koyon aikin teku ta yanki a Abijan ga masu Faransanci, akwai jami'ar aikin teku a Akara, akwai wata a Oron ta jihar Akwa Ibom a Najeriya. Takardar da ake aiki da ita a ko'ina tana bin yarjejeniyar horar da ma'aikatan jirgi, wato STCW, ta 1978, kuma kafin ka taka jirgi sai ka yi horon kashe gobara, da taimakon farko, da yadda ake tsira a ruwa.

Ka riƙe lissafi da kimiyya da kyau, ka dage da Turanci ko da Faransancinka ya nuna, domin da shi ake magana a rediyo. Ka shirya wa watanni ba ka ga mahaifiyarka ba, da salla a wurin da alƙibla ke sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka aiki a jirgi, ka rabu da shi: yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta hana a karɓi kuɗin samar da aiki daga hannun ma'aikaci.

Kafin mahaifinka ya sayar da ko tunkiya ɗaya saboda wannan karatu, je asibiti a gwada idonka. Akwai mutanen da ba sa rarrabe ja da kore, ba su kuma sani ba sai an gwada su, kuma wanda bai rarrabe su ba a ba shi tsaro a ɗakin tuƙi. In idon ya wuce, ka zo da takardunka na lakwal mu zauna mu duba wace makarantar za ka fara rubuta wa.